Shekarata 64, ina son zuwa tsibiri hutu ni kaɗai, yara sun ce basu yarda ba

Baban Yara:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa ban taɓa saka baki ba, yau dai nace bari in kawo tawa. Shekarata 64, nayi ritaya shekara uku kenan, uwargidana Allah ya yi mata rasuwa bara waccan. Tun muna da sauran ƙuruciya muke cewa in yara sun kama gabansu zamu je wani tsibiri mu zauna bakin teku ko da na sati ɗaya ne, kullum sai muce baɗi, yau kuɗin makaranta gobe hidimar wannan jibi jinyar wancan, har Allah ya yi ikonsa bamu je ba. Ita ce ma ta fi ni so, akwai wani hoton bishiyar kwakwa a bakin ruwa da ta yanko daga kalanda ta manna a cikin ƙofar wadirob, har yanzu yana nan ban cire ba.

Yanzu kuɗin na tara su, lokaci kuma ga shi nan har ya yi min yawa, sai naji ina so inje ni kaɗai. Ba na son rakiya, ba don na ƙi kowa ba, kawai dai tafiyar mu biyu ce aka tsara, in ba ita to gara in tafi ni ɗaya. Da na faɗa wa yara babbar har kuka tayi, namijin yace sai dai ya ɗauki hutu ya bi ni. Ina da hawan jini ina shan magani kullum, gwiwata ta hagu tana damuna in na hau bene, kuma ban iya iyo ba ko kaɗan. To dan Allah wanda ya taɓa irin wannan tafiya da girma ya bani shawara, wane tsibiri, wane wata, kuma me zan guje wa. Kar a ɓoye min komai.

Autan Zaure:
Wa alaikumussalam Baba. Allah ya jiƙan Mama ya sa aljanna ce makomarta, wlh maganar hoton nan ta taɓa ni. Ni dai ban taɓa zuwa ba amma ina bayanka, bari manya su zo.

Malam Mai Alli:
Allah ya gafarta mata Alhaji. Tunda kace kar a ɓoye maka to ni ba zan ɓoye ba, ina tare da yaranka. Ni sa'anka ne kusan, na girme ka da shekara biyu, kuma nasan abin da jiki yake yi wa mutum a wannan shekarun, ka kwanta lafiya lau ka tashi kanka na juyawa. A gida in hakan ta faru akwai mai ƙwanƙwasa maka ƙofa, a ɗakin otal a tsakiyar teku wa zai san ka faɗi a banɗaki? Sai mai shara ta zo washegari da hantsi. Sannan abu na biyu da nake tsoro, wurin da kuka yi mafarkin zuwa ku biyu zaka je ka zauna kai ɗaya kana kallon kujerar da ba kowa a kai, anya ba ciwon zaka fama wa kanka ba? Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ka bar yaron ya bi ka, ko ɗakinsa daban ne, da rana kowa ya kama gabansa. Wannan shi ne ra'ayina, ban ce dole ba.

Kawu Matafiyi:
Malam maganarka akwai gaskiya a ciki amma bari in faɗi nawa tunda ni na yi. Ina da 67 naje Zanzibar, tsibirin nan na ƙasar Tanzaniya, ni kaɗai, kwana tara, na dawo da ƙafata kuma in Allah ya ara min kwana zan koma.

Alhaji abu na farko da ba wanda ya faɗa min kafin in tafi, kuma shi ne ya kusa ɓata min tafiyar, shi ne janyewar ruwa. Na kama otal a gabashin tsibirin wajen Paje saboda hoton da na gani a intanet, ruwa shuɗi har ƙofar ɗaki. Na isa da yamma ruwan na nan kamar yadda yake a hoto. Da safe na fito na tarar babu teku, wlh babu, ya ja baya can nesa sai farin yashi jiƙaƙƙe da 'yan kududdufai, mata sun shiga can ciki suna aikin ciyawar teku da suke nomawa a jikin igiya. Ashe haka yake yi sau biyu a kowace rana, ya cika ya janye, kuma lokacin yana matsawa gaba da kusan minti hamsin kullum, yau in ya janye ƙarfe tara gobe sai wajen goma saura. Nace bari in bi shi in taɓa, na taka ba takalmi, ban yi nisa ba wani yaro ya ɗaga min murya yana nuna ƙasa, ashe gab nake da taka wata halitta baƙa mai ƙayoyi dogaye kamar bushiya, sun cika cikin duwatsun. In ta soke ka ƙayar karyewa take a cikin nama. Tun ranar na sayi takalmin roba na shiga ruwa ban sake cire shi ba. Kuma in ka yi nisa ruwan ya fara dawowa yana zuwa da sauri fiye da yadda mai ciwon gwiwa zai iya tafiya a cikin yashi, wannan ka riƙe shi da kyau.

Saboda haka kai da baka iya iyo ba kuma so kake ka zauna ka kalli ruwa, arewa zaka nufa, Nungwi ko Kendwa, can ruwan baya janyewa sosai, kuma rana a gabanka take faɗuwa. Daga filin jirgi kamar awa ɗaya da rabi ne a mota. Ni bayan kwana uku na tattara na koma can.

Tsohon garin da suke kira Stone Town kuma kar ka bari ya wuce ka, tun 2000 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta saka shi cikin wuraren tarihi na duniya, lunguna ne ƙanana da mota bata shiga, ƙofofin katako masu sassaƙa, ƙamshin kanumfari, masallatai ko ta ina. Amma gidajen tsofaffi ne masu matakala a tsaye kuma da yawa babu lifta, to kafin ka biya ka rubuta musu kace ɗakin ƙasa kake so, su amsa maka a rubuce. Ni wani otal ɗin hawa na uku suka kai ni, da ƙyar aka canza min.

Lokaci kuwa, ka guji Maris zuwa Mayu, damina ce babba, akwai kuma ƙarama wajen Nuwamba da Disamba. Yuni zuwa Oktoba shi ne daidai da mu, ba ruwan sama sosai kuma zafin da sauƙi.

Wani abu da ya min daɗi, can suna girmama furfura. Yaro zai gan ka yace shikamoo, gaisuwar da ƙarami ke yi wa babba kenan da Swahili, kai kuma kace marahaba. Kwana biyu na koya, daga nan ban ƙara jin ni baƙo bane sosai.

Baban Yara:
Kawu Allah ya saka da alheri, wlh da Paje ɗin nake kallo saboda hotunan. Na rubuta Nungwi da Kendwa a takarda. Malam Mai Alli kaima na gode, maganar banɗakin nan ta tsaya min a rai, ba zan ce ƙarya kayi ba.

Tsohuwar Nas:
Sannunku. Alhaji Allah ya jiƙan Hajiya. Ni shekara talatin da ɗoriya nayi ina aikin jinya, ba zan ce kaje ko kar kaje ba, likitanka ne zai faɗi wannan bayan ya auna ka, kuma kaje masa da wuri kamar sati shida kafin tafiya ba ana gobe ba. Amma ga abin da na sani.

Ka duba cikin magungunan hawan jininka ko akwai mai sa yawan fitsari. In akwai, to shi da zafin bakin teku sai an kula, ga gumi ga fitsari, ruwan jiki ya ƙare baka sani ba, kuma mu manya ƙishirwa bata kama mu da wuri kamar yara, sai kawai ka miƙe daga kujera kaji duhu ya rufe maka ido. Faɗuwar da Malam yake tsoro sau da yawa daga nan take zuwa. Ka riƙa shan ruwa ko baka ji ƙishi ba, ruwan gora mai hatimi, in zaka tashi ka zauna bakin gado tukuna ka ɗan jima, kuma daga ƙarfe goma na safe zuwa huɗu na yamma inuwa zaka nema. Kar kuma ka rage magani da kanka don kaji na faɗi haka, ka tambayi likita.

Magani duk a jakar hannu, ba a akwatin da za a saka a cikin jirgi ba, akwati yana ɓata ko ya makara kwana biyu. Ka ɗauki na ƙarin sati ɗaya a kan kwanakin tafiyar, a cikin kwalinsu na asali, tare da takardar likita mai ainihin sunan maganin ba sunan kamfani ba, domin a wata ƙasa sunan kamfanin daban ne. Masu ciwon suga da ke karanta mu, insulin ba a saka shi a akwatin ƙasan jirgi don sanyin can yana iya daskarar da shi ya lalace, ba a kuma barinsa a rana.

A cikin jirgi duk tafiyar da ta wuce awa huɗu akwai haɗarin jini ya daskare a jijiyar ƙafa, kuma haɗarin yana ƙaruwa da shekaru. Ka nemi kujerar gefen hanya, ka riƙa tashi kana takawa, a zaune ma ka riƙa motsa idon sawu. In bayan ka sauka kaga ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi maka wuya, asibiti kai tsaye ba jira.

Sai sauro. Zanzibar akwai maleriya duk da sun rage ta sosai, likita zai zaɓa maka maganin kariya. In doxycycline ya baka ka sani yana sa rana ta ƙona fata da sauri kuma sai ka ci gaba da sha sati huɗu bayan ka dawo, wani maganin kuma kwana bakwai ne kawai. Sannan a tsibiran nan da yawa akwai zazzaɓin dengi, shi sauronsa da rana yake cizo, gidan sauro kaɗai bai isa ba sai da man shafawa na korar sauro. In zazzaɓi ya kama ka a can kar ka sha ibuprofen ko asfirin kafin a gwada jininka, suna iya jawo zubar jini in dengi ne, farasitamol kawai sai ka nemi asibiti.

Kuma dan Allah a filin jirgi ka nemi keken guragu ko motar da ke ɗaukar manya, hakkinka ne, ana nema ta wajen kamfanin jirgin kamar kwana biyu kafin tafiya. Maza sa'anninku basa son a gan su a kai, sai su taka doguwar tafiya a inda aka yada zango gwiwa ta kumbura tun kafin a isa.

Maman 'Yan Biyu:
Baba kayi haƙuri zan yi magana a madadin 'yarka tunda ni na taɓa tsayawa inda take tsaye. Mahaifinmu bayan rasuwar mamanmu shima cewa yayi zai yi tafiya shi kaɗai, muka taru muka hana shi, muka ce lafiyarsa, muka ce hanya, ya yi shiru yace to shikenan. Bai sake ɗaga maganar ba. Shekara biyu bayan nan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi a falonsa, a gabanmu, inda muke ganin ya fi ko'ina aminci. Yanzu yana nan da rai alhamdulillah amma tafiya ta gagara. Wlh duk sanda na tura kekensa sai na tuna da "to shikenan" ɗin nan.

Abin da na gane daga baya, ba tafiyar muke tsoro ba, mun rasa ɗaya ne muna tsoron rasa na biyu, kuma bamu san yadda zamu faɗi hakan ba sai muka fake da hawan jini. To kukan 'yarka na san shi. Kar kayi mata gardama da hujja, ka zaunar da ita ka bata aiki a cikin tafiyar. Ita ta kama maka otal, ita ta riƙe lambar wayar mai otal ɗin, hoton fasfo da tikiti da takardar inshora duk su kasance a wayarta, ku sa lokaci biyu a rana da zaka kira ta a WhatsApp, in lokaci ya wuce da awa ɗaya bata ji ka ba ta kira otal aje a duba ɗaki. In taga tana da abin yi hankalinta zai fi kwanciya.

Malam Mai Alli:
Allah ya ba mahaifinki lafiya 'yata. Abin da kika faɗa na kira sau biyu ya rage min tsoro na farko, na yarda. Amma na biyun fa ba wanda ya amsa min. Kowa magana yake a kan takalmi da sauro. Ni zuciyar mutumin nake ji, shekara biyu kacal da rasuwar matarsa.

Injiniya Mai Ritaya:
Malam bari in ɗan taɓa naka ta wani gefe, domin ni abin da kake tsoro ya same ni. Ina da 62 naje Maldifs ni kaɗai, ba rasuwa aka min ba, iyali ne basu samu dama ba ni kuma na riga na biya. Ƙasar tsibirai ce ƙanana sama da dubu a tekun Indiya, kuma tsarin manyan wuraren hutunsu shi ne tsibiri ɗaya otal ɗaya, ba gari, ba kasuwa, ba maƙwabta, in ka zagaye tsibirin da ƙafa minti ashirin ka dawo inda ka fara. Kyau kam ban taɓa ganin irinsa ba, kifi kala-kala yana yawo a ƙarƙashin matakalar ɗakina. Amma duk wanda ke wurin bibbiyu ne, yawanci sabbin aure. Daren farko na shiga wurin cin abinci yaron ya tambaye ni mutum nawa, nace ɗaya, ya kai ni tebur ya tsaya a gabana yana kwashe ɗaya farantin da cokulan da kofin, ƙarar cokulan nan har yau ina jinta. Ni da matata ke raye a gida abin ya dame ni, ina ga Alhaji. Kwana biyar ban yi hirar minti goma da kowa ba in ba ma'aikata ba.

Ga shi kuma kuɗin ɗaki na mutum biyu ake yanka shi, kai ɗaya kusan duka zaka biya. Sannan na nesa da Male babban birnin da yawansu sai da ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa, shi kuma da rana kawai yake tashi, to ka lissafa in ciwo ya tashi ƙarfe biyun dare. Wasu otal ɗin suna da likita ko nas amma ɗan ƙaramin ɗakin shan magani ne.

Ban ce ƙasar bata da kyau ba. Tun 2009 sun ba da izinin buɗe ƙananan masaukai a tsibiran da mutanen ƙasa ke zaune, irin su Maafushi da ba ta kai awa ɗaya daga Male a jirgin ruwa mai gudu ba, can akwai mutane da shaguna da masallaci kuma ya fi araha nesa ba kusa ba. Da na sani can zan je. Shawarata Alhaji ko ina ka zaɓa ka zaɓi tsibirin da mutane ke rayuwarsu a kai, ba wanda aka gina don masoya ba.

Autan Zaure:
To Morishus ko Seshel fa, su ma ƙasashen tsibirai ne a tekun Indiya? Naji ance duka biyun ba a fama da maleriya, kuma Morishus babba ce akwai tituna da asibitoci da birni sosai Port Louis.

Injiniya Mai Ritaya:
Haka ne Auta, ta wajen asibiti Morishus tana da kyau ga mai hawan jini. Sai dai a guji lokacin guguwa, daga Nuwamba zuwa Afrilu, ya fi tsanani Janairu zuwa Maris. Mayu zuwa Oktoba sanyi-sanyi ne, gabashinta kuma akwai iska sosai wajen Yuli da Agusta. Seshel tsada gare ta, kuma tsibirin da aka fi ɗauka a hoto, La Digue, yawanci da keke ake yawo a cikinsa, ban ga gwiwar Alhaji a nan ba.

Kawu Matafiyi:
Malam Mai Alli kace ba wanda ya amsa maka, to gani. Nima matata ta rasu kafin inje, shekara huɗu a lokacin, ban faɗa da farko ba ne don bana son maganar. Ba zan yaudari Alhaji ba, akwai zafi. Da rana ba komai, ido na aiki, ga masunta suna jan jiragensu na katako, a Nungwi ma a bakin ruwan ake sassaƙa su kana iya zama ka kalli masu aikin har azahar. Matsalar magariba ce. Wurin kusa yake da layin ikwaita da ya raba duniya gida biyu, wajen shida da rabi rana ta faɗi kuma duhu baya jira, kafin ka ankara dare yayi, daga nan har ka kwanta awa huɗu ne da ba abin yi. Daren farko a Kendwa na zauna a kan yashi rana tana nutsewa, na juya zan ce "kin gani?" sai na tuna. Nayi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka kai ta, domin ranar mutane sun cika gida ina ta karɓar gaisuwa, ba wurin yi. A can ba wanda ya san ni, ba wanda zai ce kayi haƙuri kai ne babba. Na yi shi har ya ishe ni na tashi nayi alwala. Ni dai a wajena ba fami bane, abu ne da ya daɗe a ƙirjina ya samu hanya. Da ɗana na gefe da haɗiye shi zan yi kamar kullum. Ban ce kowa haka zai ji ba Malam, kai ka san naka.

Amma daga dare na biyu na tsara wa magaribar nan. Na samu masallacin ƙauyen nake zuwa in tsaya har isha, akwai wasu dattawa da ke zama a dakali a waje, bana jin Swahili su basa jin nawa, da 'yar Larabcin gaisuwa da nuni da hannu muke hira, rana ta uku har sun san wurin zamana suna matsa min. Abinci kuma na daina zuwa babban ɗakin otal, ƙaramin wuri na samu nake komawa kullum har mai wurin ya san ni. Ƙaramin masauki mai ɗaki goma ya fi mana babban otal, in baka fito karyawa ba za a lura.

Sai a kula da samarin bakin ruwa masu tallar yawo a kwale-kwale, ba mugaye bane yawancinsu neman abinci suke, amma in sun ga dattijo shi kaɗai basa barinsa. Ka ce a'a sau ɗaya da murmushi ka wuce, kar ka faɗi sunan otal ɗinka, kuma duk yawon da zaka yi ta hannun masaukinka ka shirya. Kwale-kwalen da ba rigar kariya kar ka shiga. Na zuwa tsibirin Changuu inda manyan kunkuru suke, sai ka taka cikin ruwa ka ɗaga ƙafa ka haura, ni mutum biyu suka kama ni, to ka auna da gwiwarka.

Malam Mai Alli:
Allah ya jiƙanta Kawu. Ban san kaima ka sha wannan ba. Har yanzu da ƙanina ne da na fi so a raka shi, amma na ji ka.

Tsohuwar Nas:
Na manta abu biyu. Inshorar tafiya, kar a yi wasa da ita, kuma wajen cike fom ka faɗi hawan jinin da gwiwar da duk maganin da kake sha, in ka ɓoye don kuɗin ya ragu ranar da ciwo ya tashi zasu duba su ƙi biya. Ka tabbatar akwai ɗaukar mara lafiya a jirgi zuwa babban asibiti a ciki, don a tsibiri shi ne abu mafi tsada. Kamfanoni da yawa suna ƙara kuɗi in mutum ya kai 65, kai kana 64, ka lura da wannan. Zanzibar kuma tun 1 ga Oktoba 2024 sun wajabta wa baƙi sayen tasu inshorar ta dala 44, ko kana da wata sai ka saya, amma ni ba zan dogara da ita kaɗai ba.

Na biyu katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawar nan. Ƙasashe da yawa suna tambaya in ka fito daga inda cutar take. In an taɓa yi maka ka nemo katin, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya tace allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. In ba a taɓa yi maka ba to ka faɗa wa likita shekarunka, domin wanda ya haura 60 allurar farko tana iya bashi matsala fiye da yaro, shi zai duba ya yanke. Kuma sai bayan kwana goma da yi katin yake fara aiki. Fasfo ma a duba ya zama da sauran wata shida aƙalla.

Baban Yara:
Jama'a kuyi haƙuri kwana biyu ban leƙo ba. Na karanta komai sau uku, na Kawu kuwa sai da na ajiye wayar na fita tsakar gida na dawo. Jiya na kira babbar tazo, nayi yadda Maman 'Yan Biyu tace, ban kawo hujja ko ɗaya ba, na buɗe ƙofar wadirob na nuna mata hoton, ashe bata taɓa sanin yana nan ba. Mun daɗe a zaune. Daga ƙarshe ita ta ɗauko wayarta ta fara duba masaukai a Kendwa, tace sharaɗinta uku, ɗakin ƙasa, kira bayan asuba da bayan isha, kuma sai likita ya sa hannu. Namijin har yanzu yana ɗan ja, yace shi zai kai ni filin jirgi ya kuma ɗauko ni, nace na yarda.

Na sa ran Agusta in Allah ya kai mu, kwana takwas, biyu a tsohon gari shida a arewa. Litinin ina da ganin likita, Hajiya Nas na duba kwalin maganin, akwai mai sa fitsarin kuwa, na rubuta zan tambaye shi. Katin shawara na same shi a cikin tsohon fasfo. Malam Mai Alli ban watsar da maganarka ba, na faɗa wa yarinyar in naje naji abin ya fi ƙarfina zan canza tikiti in dawo, shi yasa zan sayi wanda ake iya canza masa rana ko da ya fi tsada.

Kawu tambaya ɗaya, gari zan fara ko bakin ruwa? Kuma takalmin robar nan a can ake samu ko in taho da shi?

Kawu Matafiyi:
Gari zaka fara Alhaji, lokacin ƙafa na da ƙarfi, lungunan suna cin tafiya, sai ka ƙarasa da hutu. Amma in jirginka na dawowa da sassafe yake to ka bar daren ƙarshe a gari kusa da filin jirgi, kar ka kama hanyar awa ɗaya da rabi cikin duhu. Takalmin akwai shi a shagunan bakin ruwa, sai dai in ƙafarka babba ce ka taho da naka, ni lamba 45 nake sawa sai a shago na huɗu na samu. Ka taho da 'yar tocila ma, hanyar masallacin ba fitila.

Tsohuwar Nas:
Da na'urar awon hawan jini ta hannu Alhaji, ƙaramar nan mai batir. Ka auna safe da yamma ka tura wa 'yarka lambar tare da gaisuwa. Ka dawo ka faɗa mana abin da likita yace ranar Litinin.